Kwamfutar Gidanmu da Yadda Na Zaɓa Mata Manhaja

Wataƙila mai karatu zai yi mamakin ganin maganar kwamfuta a cikin mujallar da aka saba cika ta da nazarin waƙa da nahawu da al'ada, har ya ce me ya haɗa kifi da kaska. To, ina roƙon a yi haƙuri a bi ni sannu, domin kuwa abin da ya jefa ni cikin wannan magana bai wuce haruffa uku ba, watau ɓ da ɗ da ƙ, da kuma wani dattijo da ya rantse ba zai yarda a yanke musu ƙugiya ba. Dattijon nan kuwa mahaifina ne.

Baba ya yi aikin koyarwa a makarantun firamare har ya kai hedimasta. Da ya ajiye aiki sai ya ɗaura aniyar rubuta tarihin garinmu, ya riƙa bin tsofaffi zaure zaure yana tambaya yana rubutawa, har ya cika littattafan rubutu goma sha ɗaya. Da fari wani shagon buga takardu ya kai babi na ɗaya. Yaron da ya buga masa ya zubar da ƙugiyoyin duka, abin da ya sa inda Baba ya rubuta cewa wani sarkin garin ya mutu a faɗa, sai takarda ta fito tana cewa ya mutu a fada. Jarumin da ya faɗi riƙe da takobi, ga shi an mayar da shi wanda ya cika a kan shimfiɗa. Tun daga ran nan Baba ya ce shi zai buga abinsa da hannunsa. Yayana ya sayo masa wata kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu a kasuwa, ni kuma na koya masa, ya shiga aiki da yatsu biyu, kullum bayan sallar asuba.

Kwamfutar ta zo da Windows 10 wadda mai shagon ya ɗora mata, kuma a kusurwar allon akwai wani ɗan rubutu da ba ya gushewa, mai nuna cewa ba a biya haƙƙin manhajar ba. Babu wanda ya damu da shi a cikinmu. Ana nan, wata rana aka kai filashi wani shago don a fitar da shafuka, ya dawo da cuta, ta bi ta lalata fayilolin da ke cikin kwamfutar. Babi uku suka salwanta, aikin wata biyar. Baba bai yi faɗa ba, bai kuma ɗora wa kowa laifi ba, abin da ya ce kawai shi ne Allah ya sa haka ya fi alheri. Amma ya yi mako biyu bai ko ɗaga murfin kwamfutar ba, Inna kuwa ta gaya mini cewa bayan asuba yakan zauna ne kawai yana juya littattafan nan nasa. A wannan hali na iske gida da na zo hutu.

Na kai kuka wurin wani abokina da ke karatun kimiyyar kwamfuta. Ya duba ta, ya ce, "Mutumina, ai gyaran wannan ba a goge a sake ɗora irin ta dā ba ne." Ya bayyana mini cewa kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum tun ran 14 ga Oktoba, 2025, sai dai wani ɗan ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuma tana bukatar wata 'yar na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, da injin da bai tsufa ba, tamu kuwa ba ta da ko ɗaya. Saboda haka hanya uku ce a gabanmu: a sayi sabuwa, alhali babu kuɗin, ko a ci gaba da zama a gidan da ba shi da ƙyaure, ko kuwa a ɗora mata buɗaɗɗiyar manhaja.

A nan ya kamata in ɗan tsaya in yi bayani, don 'yan'uwana ɗalibai waɗanda, kamar ni a lokacin, ba su san kan abin ba. Kwamfuta ita kaɗai ƙarfe ce da roba. Abin da ke farkawa idan an kunna ta, ya karɓi abin da aka danna, ya nuna shi a allo, ya adana shi, ya kuma raba wa ƙananan manhajoji wuri da lokaci, shi ake kira babbar manhaja. Matsayinta kamar na madugu ne a ayari. Galibin waɗanda muka sani na kamfani ne, an kulle asirin yadda aka rubuta su, kuma izinin amfani kawai mutum yake saye. Buɗaɗɗiya kuwa ita ce wadda aka baje rubutunta a fili, aka yarda wa kowa ya yi aiki da ita, ya duba cikinta, ya gyara, ya kuma kwafa ya ba wani. Wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ne ya yi shelar wannan aiki a 1983 da sunan GNU. A 1991 kuma wani ɗalibi kamarmu a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta ƙashin bayan manhajar, wanda aka sa wa suna Linux. Daga nan dubban mutane a ƙasashe dabam-dabam suka yi ta kawo gudummawa. Da abokina ya gama, sai na ce masa ai mu ma muna da sunan wannan, shi ne aikin gayya.

Sai dai wahalar baƙo a wannan fage ita ce yawan zaɓi. Da yake kowa yana da izinin ya ɗiba ya sarrafa, an sami ire-iren Linux ɗaruruwa, tamkar dawa ɗaya ce amma kowace mace da yadda take tuƙa tuwonta. Akwai Debian da aka kafa a 1993. Daga cikinta aka fitar da Ubuntu a 2004, ƙarƙashin wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, sunan ma daga harsunan Zulu da Hosa aka ɗauko shi, yana nufin mutuntaka. Daga Ubuntu kuma wani Bafaranshe, Clément Lefebvre, ya fitar da Linux Mint a 2006. Watau ke nan kaka da uwa da jika. Ban da wannan zuriya akwai wasu gidajen, kamar Fedora da Arch.

A nan ne na yi kuskuren da ya sa na ga ya dace in rubuta wannan takarda. A majalisar su abokina na lura cewa wanda duk ya ce da Arch yake aiki, akan dube shi da girma, domin ita ba ta zuwa a shirye, mutum ne zai harhaɗa ta da kansa, yana rubuta umarni ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma na daɗe ina jin zafin yadda 'yan kimiyya ke kallon mu 'yan sashen Hausa, kamar ba mu iya kome ba sai karin magana. Sai zuciya ta ce mini ga ranar nuna musu. Na kwana biyu a zaure ina fama, ina kwafar umarni daga waya ina bugawa, ba tare da na fahimci rabin abin da nake rubutawa ba. A dare na biyu, gab da asuba, Baba ya fito zai tafi masallaci, ya tsaya a kaina da buta a hannu. Ya dubi allon, baƙi ƙirin, sai fararen rubutu suna gudu. Ya ce, "Kai yaro, a kan wannan zan rubuta tarihin?" Na ce, "Baba, ai ban gama ba tukuna." Ya ce, "To, idan ka gama ka koma makaranta, ranar da ta yi mini irin wannan, wa zan kira?" Bai jira amsa ba ya wuce.

Tambayar nan ta zauna mini a rai har gari ya waye. Na gane cewa Arch ba ta yi laifin kome ba, masu ita ma ba su taɓa cewa don baƙo suka yi ta ba. Ni ne na tafi zaɓa wa kaina rigar ado alhali an aike ni sayen rigar aikin wani. Kwamfutar gida ba ta wanda ya ɗora mata manhaja ba ce, ta wanda zai zauna gabanta ne bayan shi ya tafi. Saboda haka na ɗauki takarda na rubuta sharuɗɗa biyar. Na ɗaya, Baba ya iya buɗe ta ya kai ga rubutunsa ba tare da ya tambayi kowa ba. Na biyu, tsohuwar kwamfutar nan mai ƙwaƙwalwar aiki giga 4 ta iya ɗaukarta ba nishi. Na uku, ta daɗe ana aiko mata gyara, kada a ce kowace shekara sai an sauya. Na huɗu, ta rubuta haruffanmu masu ƙugiya. Na biyar, ta kasance mai jama'a, yadda idan an sami matsala za a iske wani ya riga ya gamu da irinta an kuma amsa masa, tun da matambayi ba ya ɓata.

Sharaɗi na uku ne ya fitar da Fedora, ko da yake abokina ya yabe ta, domin kuwa kusan duk wata shida take fitar da sabon zubi, kuma kowane zubi kimanin wata goma sha uku ake kula da shi. Ubuntu kuwa tana da zubi na musamman da ke fitowa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, wanda ake kula da shi shekara biyar. Linux Mint a kan irin wannan zubin ake gina ta. Mint 22 da ta fito a 2024 za a riƙa aiko mata gyara har 2029. Saboda haka gasa ta rage tsakanin uwa da 'yarta.

Wani abin da ya burge ni shi ne, ba dole ne mutum ya sayi kifi a ruwa ba. Ana iya zuba manhajar a filashi, a tayar da kwamfuta daga cikinsa, a gwada kome da kome ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. Idan an kashe aka zare filashin, sai ta koma yadda take. Na sauke su biyun a inda intanet ke da araha, domin kowace ɗaya ta kai giga da yawa, Mint ma da ta fi ƙanƙanta ta kusa giga 3. Sa'an nan na shirya jarrabawa. Na zaunar da Baba, na zaunar da ƙanwata 'yar sakandare a gefensa, ni kuma na koma baya na harɗe hannuwana, na yi alkawari ba zan ce uffan ba. Aikin da na ba su shi ne su buɗe wurin rubutu, su rubuta layi ɗaya, su adana shi, su rufe, su sake nemo shi.

Da Ubuntu aka fara. Ƙanwata ba ta yi minti biyu ba ta gane kanta, ta ce ai kamar waya ce. Baba kuwa ya kai linzami kusurwar hagu ta ƙasa, inda hannunsa ya saba zuwa, ya ga abin da ya buɗe ba irin wanda ya sani ba ne, gumaka kuma sun yi layi a gefen hagu daga sama zuwa ƙasa. Ya yi ta dube-dube har ya cire tabarau ya goge. Ban da haka kwamfutar takan ɗan yi jinkiri kafin ta amsa, wannan kuwa tsufanta ne, ba aibin manhajar ba. Da aka zo kan Mint, na zaɓi zubinta mai suna Xfce, wanda ya fi sauran biyun, watau Cinnamon da MATE, sauƙin nauyi. Masu ita sun ce giga 2 na ƙwaƙwalwa ya isa a tashi, giga 4 kuma a yi aiki cikin walwala. Baba ya kai linzami kusurwar nan, ya danna, jerin manhajoji ya buɗe kamar yadda ya saba gani. Ya nemo LibreOffice, manhajar rubutu da ke zuwa tare da ita, ya buga sunan garinmu, ya adana, ya rufe, ya nemo. Bai waiwayo ni ba ko sau ɗaya.

Saura ƙugiya. Na shiga wurin saitin madannai, sai ga Hausa a cikin jerin, har kashi biyu, ta Nijeriya da ta Gana. Na zaɓi tamu, muka bi muka gano inda kowane harafi yake, ƙanwata ta yanka 'yan takardu ta rubuta ɓ da ɗ da ƙ ta manna a kan madannan. Gaskiya ta sa in faɗi cewa daga baya na gano Windows ma tana da tsarin madannan Hausa, rashin sani ne ya sa Baba ya yi wata da watanni yana tsinto haruffan ɗaya ɗaya daga jadawalin alamomi. Abin da ya fara rubutawa ran nan shi ne jimlar nan ta sarkin da ya mutu a faɗa. Ya daɗe yana kallon ƙugiyar.

Amma dattijo bai sallama nan da nan ba. Ya tambaye ni nawa ne kuɗinta, na ce ba a biya. Ya girgiza kai ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa, lalle akwai abin da suke nema. Na ce masa wasu kamfanoni, kamar Canonical mai Ubuntu, suna samun kuɗinsu ne daga manyan ma'aikatu da ke biya don a kula musu da injunansu. Ita kuma Mint da gudummawar masu amfani da ita da ta masu tallafawa take tafiya. Na ƙara da cewa wayar Android da ke aljihunsa ma a kan Linux aka gina ta, kuma tun 2017 manyan kwamfutoci 500 da suka fi sauri a duniya duk da ita suke aiki. Wannan bai dame shi ba sosai. Abin da ya tsaya a kai shi ne, ya ce, "Wancan rubutun da ke kusurwa, ashe cewa yake ba mu biya ba?" Na ce haka ne. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ashe tarihin kakanninmu nake rubutawa a kan kayan da ba a ba mu ba. Wannan fa, masu ita sun yafe?" Na ce ba yafewa kawai ba, a rubuce suka ba da izini a kwafa a rarraba. A Ingilishi kalma ɗaya ce ke nufin kyauta da kuma 'yanci, har masu wannan aiki sukan sha wahalar bayyana cewa ta biyun suka fi nufi. Hausa kuwa ta raba su tun asali, saboda haka Baba bai sha wuyar ganewa ba. Ya ce, "To, ɗora."

Kafin in ɗora sai da na kwafe duk abin da ya tsira a wuri biyu, domin ɗora sabuwar manhaja yakan share abin da ke ciki, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Na jira aka kawo wuta batir ya cika. Aikin kansa bai kai awa ɗaya ba, tambayoyin da ta yi kuwa kaɗan ne, kamar harshe da tsarin madannai da yankin lokaci da suna da kalmar sirri.

Ba zan ɓoye wa mai karatu cewa akwai 'yan ƙayoyi a hanyar ba. Manhajojin da aka yi don Windows, har da Microsoft Word, ba sa hawa kanta kai tsaye. LibreOffice tana buɗe fayilolin Word tana kuma adanawa da irinsu, amma wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce idan an buɗe a wata kwamfutar, saboda haka duk abin da za a kai shago a fitar, na koya wa Baba ya mayar da shi PDF tukuna. Haka kuma, ko da yake cututtukan da aka ƙera don Windows galibi ba sa aiki a kanta, wannan bai sa ta zama mai layar tsari ba. Dole a riƙa karɓar gyaran da take aikowa, a kuma riƙa kwafe aiki a ajiye. Yanzu kowace Juma'a ƙanwata ke kwafe rubutun Baba a filashin da ba ya fita daga gida.

Ƙaya ta ƙarshe ita ce ta fi sukata, don ta shafi sashenmu. Da Baba ya cika shafi guda, sai ga jan layi a ƙarƙashin kusan kowace kalma, saboda manhajar ba ta zo da ƙamusun Hausa ba, da ma'aunin Ingilishi take auna shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana jan layi a littattafan yara ya dube ni ya ce, "Wa ya ba ta jan biro?" Muka yi dariya, na kashe mata wannan aikin. Amma da na koma ɗaki sai dariyar ta gushe. Umarnin da ke allon da Ingilishi Baba yake karanta su, abin da aka fassara zuwa Hausa kaɗan ne ƙwarai. Inna, wadda ke karanta Hausa sarai amma ba ta jin Ingilishi, har yau ba ta iya zama gabanta. A manhajar kamfani sai mu ce an rufe mana ƙofa. A nan kuwa ƙofa a buɗe take, masu sa kai ne ke fassara ta zuwa harsunansu, su kuma tara kalmomin ƙamusun gyaran rubutu. An yi gayya, mun zo mun ci tuwo, amma ba mu zo da fartanya ba. Wannan aiki kuwa bai fi ƙarfin ɗaliban da suka yi darasin fassara da ƙa'idojin rubutu ba, in malamanmu za su ja mana gaba wajen daidaita kalmomi.

Daga ƙarshe, ban ce Linux Mint ta fi kowace manhaja ba. Da ƙanwata ce mai kwamfutar, wataƙila da Ubuntu na ɗora. Da abokina ne, da ya zauna da Arch ɗinsa lafiya. Shawarata ga ɗan'uwan da aka ɗora wa irin wannan aiki a gida ita ce, ya nemi wanda ya fi kowa ƙarancin sani a cikin masu amfani da kwamfutar, ya zaunar da shi gabanta, ya harɗe hannuwansa ya yi shiru, abin da ya gani shi ne amsarsa.

Na dawo makaranta ina ɗar-ɗar, kullum ina sauraron kiran da zai ce ta lalace. Mako uku suka wuce shiru. A na huɗu Baba ya kira, gabana ya faɗi. Bayan mun gaisa sai ya ce ya sake buga babi biyu daga cikin ukun da suka salwanta, yana so ne in tambayar masa malamina ko "sa'an nan" haɗe ake rubuta ta ko rabe. Maganar kwamfuta kuwa har muka yi sallama bai tayar da ita ba. Allah ya ba shi ikon kammalawa, mu kuma ya sa mu kai tamu fartanyar, amin.